Dare huɗu a matsugunin marasa muhalli a Minneapolis: abin da na yaba da abin da ya dame ni

Abu na farko da matsugunin nan ya yi mana shi ne ya ƙi ba mu ranar da muka nema. A makon farko na Disamba na buga waya na ce mu biyar ne, ni da maigida da yara uku, muna so mu zo mu raba abinci ranar Kirsimeti. Ranar ba bikinmu ba ce, yara suna hutu, maigida ba ya zuwa aiki, sai na ga ai mu ya fi dacewa mu riƙe wa masu biki aiki su samu su zauna da iyalansu. Matar da ke kula da masu aikin sa-kai ta saurare ni har na gama, sannan ta ce tun watan Oktoba aka cike guraben 24 da 25 ga wata, har akwai masu jiran ko wani zai fasa. Ta ce in da gaske muke, tana da 22 da 27 da 30 ga Disamba, kuma tana da wani daren Talata a tsakiyar Janairu wanda har lokacin babu ko mutum ɗaya da ya sa suna. Na karɓi duka huɗun, amma na ajiye wayar raina a ɗan sosu. Sai da muka yi daren na huɗu na fahimci abin da take nufi da "in da gaske kuke".

Ba zan kama sunan wurin ba, saboda zan faɗi inda suka gaza, kuma mutanen da ke kwana a can suna da haƙƙin a rufa musu asiri. Matsuguni ne na manya, maza da mata, mai gado wajen 70, a wani tsohon gini kudu da tsakiyar birnin Minneapolis, a jihar Minnesota ta Amurka. Na rubuta wannan ne don iyayen da ke tunanin kai 'ya'yansu irin wannan aiki, su san abin da za su tarar.

Rajistar ba ta da wuya, sai dai tana cin lokaci. Kowane babba zai cike takarda ta intanet, ya yarda a binciki ko yana da tarihin aikata laifi, sannan ya kalli bayanin horarwa na kusan awa ɗaya. Sakamakon bincikena ya fito cikin kwana uku, na maigida ya kai mako. Inda na ga gazawa shi ne batun shekarun yara. Shafinsu ya ce ana maraba da iyalai, bai ƙara komai ba. Sai da muka gama cike komai aka aiko mana da saƙo cewa wanda bai kai 16 ba dole ya kasance kusa da mahaifinsa ko mahaifiyarsa, wanda bai kai 12 ba kuma ba zai shiga ɗakin girki ko wurin raba abinci ba. Babbar 'yata tana da 16, mai bi mata namiji yana da 13, autata kuwa 8. Da na san haka tun farko da na shirya wa autar zuciyarta, don ita ta fi kowa ɗoki, har ta zaɓi hular da za ta sa. Dokar kanta ba ni da ja a kanta. Akwai tafasasshen ruwa da wuƙaƙe, akwai kuma mutanen da ke shigowa cikin halin da bai kamata ƙaramin yaro ya gani ba. Amma layi ɗaya ne za su rubuta a shafin farko, su hutar da iyaye.

Ƙa'idojin da aka karanta mana kafin mu fara su ne suka fara sauya mini ra'ayi game da wurin. Ba a ɗaukar hoto, ko na bango ne, ko na tukunya. Ba a kiran kowa da wani suna sai baƙo. Ba a tambayar mutum abin da ya raba shi da gidansa. Ba a ba da kuɗi, ko lambar waya, ko a ce za a rage wa wani hanya a mota. Ba a yi wa kowa wa'azi a kan kwanon abinci. In ka haɗu da baƙo a gari, ba kai za ka fara gaishe shi ba, ka bari shi ya nuna ya san ka, don wataƙila yana tare da abokin aikin da bai san inda yake kwana ba. Wannan ta ƙarshen ta tsaya mini a rai. Wanda ya tsara ta ya san cewa talauci bai fi tonon silili ciwo ba. Dokar hoton kuma ana tsare ta da gaske: na ga an je an tsaya kan wani mai aikin sa-kai, cikin ladabi, har sai da ya goge abin da ya ɗauka.

Daren 22 ga wata ƙanƙara ta wuni tana zuba. A Minneapolis a ƙarshen Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4:30 na yamma, don haka cikin duhu muka isa, ko da yake biyar ba ta yi ba. Wanda ke zaune a birnin ya san cewa idan dusar ƙanƙara ta yi yawa hukuma na ayyana dokar ta-ɓaci ta kwana uku, a sauya gefen titin da aka yarda a ajiye mota domin motocin share hanya su wuce, wanda ya saɓa kuma a ja motarsa a ci shi tara. Matsugunin yana da wurin ajiye mota shida kacal, na ma'aikata. Ba a faɗa mana ba. Muka yi ta zagaye har muka samu wuri a titi na uku, muka tako cikin ƙanƙarar da ta kai wa autata ƙwauri. Wani dattijo da ke aikin sa-kai tare da mu bai yi sa'a ba, ya fito ƙarfe tara ya tarar an ja tasa. Mutumin da ya ba da darensa kyauta bai kamata ya koma gida da wannan asara ba, alhali saƙon waya ɗaya da rana zai hana ta.

Amma duk ƙorafin mota ya fita daga kaina da na ga layin bakin ƙofa. Ana buɗewa ƙarfe biyar, mutane kuwa tun kafin huɗu suke tsaye, kowa da jakarsa a baya, wasu da manyan ledoji, ƙanƙara ta taru a kafaɗunsu ta yi fari. Babu hayaniya, don sanyi ba ya barin mutum ya yi dogon zance. Aka miƙa wa maigida da ɗana shebur biyu da buhun gishiri, aka ce su share matakala da hanyar keken guragu. Ɗana ya ce mini daga baya, "Mama, ina sharewa tana komawa, amma da na ga wata tsohuwa da sandar dogarawa sai na kasa ajiye shebur ɗin." Wannan aiki ba na ado ba ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa idan sanyin iska ya kai wajen digiri 28 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin rabin awa, kuma a Minnesota ana kaiwa nan a lokacin sanyi. Idan zafin jikin mutum ya sauka ƙasa da digiri 35, tunaninsa yakan rikice, har ya kasa gane cewa yana cikin haɗari. Jiƙaƙƙen kaya kuma yana gaggauta hakan. Ma'aikacin da ke bakin ƙofa ya san wannan sarai: ya buɗe zauren shiga minti 20 kafin lokaci, ya shigar da tsofaffi da waɗanda ya ga jikinsu na kaɗawa, bai jira agogo ba.

Ɗakin girkin shi ne inda na fi daɗewa, kuma shi na fi yabawa. Mai dafa abincin mace ce da ta haura 50, ba ta da yawan magana, ba ta kuma da wasa da tsafta. Kafin ka taɓa komai sai ka wanke hannu na daƙiƙa 20, ka rufe gashi, ka sa safar hannu ta roba, in ka taɓa fuskarka ko wayarka ka cire ka sake sabuwa. Ma'aunin zafi yana rataye a wuyanta. Naman kaza ko talotalo ba ya fita daga tanda sai cikinsa ya kai digiri 165 a ma'aunin Farenhait, wato 74 a Selshiyos, abincin da ke kan layi kuma ba ya sauka ƙasa da 135 a Farenhait, kuma kowane rabin awa sai ta auna ta rubuta a takardar da ke manne a bango. Na tambaye ta ko hukuma ce ke matsa musu. Ta ce hukuma na zuwa, amma ba don ita take yi ba: wanda ya ci abin da ya ɓata masa ciki a gidansa yana da banɗaki da gado, baƙonta kuwa gobe da safe a titi zai wuni. Ban sake ganin takardar nan a matsayin ƙa'idar ofis ba.

Abincin daren farko talotalo ne da dankalin turawa da aka dama da madara, da koren wake, da burodi, da naman alade da wani coci ya kawo. Na faɗa mata a hankali cewa ni da 'yata ba za mu taɓa na aladen ba. Ba ta ko ɗaga gira ba, ta mayar da mu kan dankali da wake. Ta kuma nuna mini cewa tana ware tire guda na kaza da shinkafa, da ludayinsa daban, da takarda a gabansa, saboda a birni irin Minneapolis, mai ɗimbin 'yan Somaliya da sauran Musulmi, ba a rasa baƙon da ba ya cin alade, ban da masu ciwon sukari da waɗanda haƙoransu ba sa iya tauna nama. Sai dai tsarin a kanta kaɗai ya rataya. Ranar 27 tana hutu, wanda ya riƙe mata bai sa takardar ba, kuma ludayi ɗaya ya yi ta yawo tsakanin tire biyu. Na lura da wani dattijo ya zo ya dubi abincin, ya ɗauki burodi da shayi kawai ya koma. Na je na yi magana, aka buɗe sabon tire, aka kai masa har inda yake zaune. An gyara da sauri, na yaba. Amma abin da ya shafi cin mutum da imaninsa bai kamata ya dogara da ranar hutun ma'aikaci ɗaya ba. A rubuta shi a bango kamar yadda aka rubuta ma'aunin zafi.

Rabon kansa yana da doka ɗaya da ta yi wa 'yata nauyi: ba a ƙara wa kowa sai kowa ya samu. Wani saurayi, da ganinsa ka san ya wuni bai ci ba, ya dawo da farantinsa tun layi bai kai rabi ba. Dole ta ce masa ya jira. Ya yi mata murmushi ya koma, ita kuwa idonta ya kawo ruwa. Ta ce mini, "Mama, ga abinci cike da tire, me ya sa?" Amsar ta zo da kanta wajen ƙarfe bakwai, lokacin da mai girki ta sa muka zuba faranti 11, muka rufe, muka rubuta lambar gado a kan kowanne. Na waɗanda ke wurin aiki ne, ba za su dawo ba sai tara ko goma na dare. Daga baya na ga wasunsu suna shigowa, ɗaya da rigar ma'aikatan rumbun ajiyar kaya, ɗaya da takalmin masu wanke-wanke a gidan abinci, wata mata da katin aiki a wuya. Gani ya kori ji. Na sha jin ana cewa akwai masu aiki a cikin marasa muhalli, amma ban taɓa ɗumama wa ɗayansu abinci ba sai ranar. Albashi yana shigowa, sai dai bai isa kuɗin haya da na ajiya da mai gida ke nema kafin ya ba da makulli ba. Wanda kuma aka taɓa kora daga haya, sunansa na nan a takardun kotu, masu gidaje suna dubawa. Saurayin nan ya samu ƙarinsa, har sau biyu.

Gado 70 ba komai ba ne idan aka dubi yawan masu nema. Cibiyar bincike ta Wilder da ke birnin St. Paul ta ƙirga mutum 10,522 marasa muhalli a Minnesota a dare ɗaya cikin Oktoban 2023. A faɗin Amurka, ƙidayar da Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ke sa a yi a ƙarshen kowane Janairu ta nuna sama da mutum 770,000 a 2024, ƙarin kashi 18 cikin ɗari a kan shekarar da ta gabace ta. A bakin ƙofar matsugunin, waɗannan alƙaluma suna zama fuskar mutum ɗaya da ake ce wa an cika. Na ga hakan sau uku a daren 30 ga wata. Abin da ya sa ban riƙe su da laifi ba shi ne yadda suke yi. Ba a rufe ƙofa a bar mutum. Ana shigo da shi zaure, a ba shi abinci mai zafi, ma'aikaciya ta zauna da waya tana kiran layin gundumar Hennepin, wadda Minneapolis ke cikinta, da sauran matsugunai har a samu inda ke da tabarma ko kujera, a ba shi tikitin bas, a rubuta masa adireshin da manyan baƙaƙe. Ɗaya daga cikin ukun sai da aka shafe fiye da awa ana nema masa. Ko ya isa inda aka tura shi, wannan tambayar ta bi ni har gida.

A wannan daren ne kuma wani mutum ya shigo yana ɗingishi, takalminsa na yadi ya jiƙe sharkaf. Da aka cire, yatsun ƙafarsa biyu sun yi fari fat, sun yi tauri. Ni da na gani, hannuna ya tafi zan murza masa. Ma'aikacin dare ya tare ni, ya ce murzawa tana ƙara lalata naman, ruwan zafi ko kusantar na'urar ɗumama ɗaki kuma na iya ƙona shi bai ji ba. Ya naɗe ƙafar da busasshen tawul, ya hana shi takawa, ya kira 911, lambar agajin gaggawa. Cikin 'yan mintuna motar asibiti ta zo. A jikin bango kusa da teburinsa akwai akwatin Narcan, maganin da ake fesawa a hanci don farfaɗo da wanda ƙwaya ta yi wa yawa, kuma duk ma'aikatan sun san yadda ake amfani da shi. Sun ƙware, ba su da firgita, suna kiran kusan kowane baƙo da sunansa. Amma su biyu ne kacal a kan mutum 70 daga ƙarfe goma har safe. Lokacin da ɗaya ke kan mai ƙafar nan, ɗayar ita kaɗai ce a ƙofa da waya da ɗakunan kwana. Wannan ya yi kaɗan, kuma gajiyar tana bayyana a idanunsu.

Autata kuwa a ɗakin kayan taimako aka ajiye ta, tare da wata tsohuwa mai aikin sa-kai da ta shekara da shekaru tana zuwa. Na shiga da fargabar za ta ji an ware ta, sai na tarar ta fi kowa aiki. An ba ta kwali cike da safa, tana haɗa su bibbiyu tana ɗaurewa, tana ware na ulu daban. Tsohuwar ta bayyana mata cewa safa ce abin da aka fi roƙo, domin wanda ke wuni a tafe cikin ƙanƙara safarsa na jiƙewa, in bai samu busasshiya ba ƙafa ta kumbura ta tsage. Ɗakin ya koya mini abin da ban sani ba game da kyauta. Rabinsa cike yake da abin da ba mai buƙata: rigunan bazara, takalma masu tsini, kwat ɗin zuwa biki, tsofaffin kayan da ba a ko wanke ba. Abin da ake nema kuwa babu: sabbin kamfai na maza, manyan takalman sanyi daga lamba 11 zuwa sama, safar hannu mai hana ruwa shiga, da 'yan ƙunshin nan da ake sawa a aljihu su ɗumama hannu. Tsohuwar ta tuna mini gobarar otal ɗin Drake ranar Kirsimetin 2019, wanda gunduma ke saukar da iyalai marasa muhalli a cikinsa, inda sama da mutum 200 suka rasa wurin kwana a safiya ɗaya. Mutanen birni sun yi ta kawo kaya har suka yi tudu. Ta ce alherin mutane ba ya ƙaranci, tambaya ce ba sa yi kafin su kawo. Duk tsohon kaya da aka karɓa sai ya bi ta ɗakin zafi saboda kuɗin cizo, wannan kuma aiki ne a kan ma'aikatan da dama ba su isa ba. Matsugunin yana da jerin abin da yake buƙata, amma a can ƙasan shafi yake, ba a sabunta shi ba tun kaka.

A zauren cin abinci, kusa da bishiyar Kirsimeti, akwai wata farar takarda doguwa da sunaye a jere da kyandir na batir a ƙasanta. Ɗana ya ɗauka sunayen masu ba da gudummawa ne. Sunayen waɗanda suka rasu ne a cikin shekarar, daga cikin mutanen da suka taɓa kwana a nan ko a titunan da ke kewaye. Tun 1990 ake ware 21 ga Disamba, dare mafi tsawo a shekara, don tunawa da marasa muhallin da suka mutu a Amurka, mu kuma mun zo washegari. Na ga wani baƙo ya tsaya ya ɗora yatsa a kan suna ɗaya, ya daɗe, sannan ya je ya ɗauki farantinsa.

Bayan an gama rabo ana so masu aikin sa-kai su zuba nasu su zauna cikin baƙi, kada su taru a ɗakin girki. Ba tilas ba ne, amma ina ba kowa shawara ya yi. Na gargaɗi yarana su gaishe da kowa yadda za su gaishe da duk wani babba, su kuma saurara fiye da yadda za su yi magana. Ɗana ya samu wani dattijo da ya taɓa tuƙin babbar mota, suka buga dara har sau uku, dattijon ya cinye shi duka, yana nuna masa inda ya yi kuskure. Ranar 27 muna shiga dattijon ya ɗaga masa hannu, allon na gabansa a shirye. 'Yata kuma ta tambayi ma'aikaciya ina yara suke. Aka ce mata iyalai masu yara wasu matsugunai ake kai su, kuma akwai dokar tarayya ta McKinney-Vento, ta 1987, wadda ta ba yaron da ya rasa muhalli damar ci gaba da zuwa makarantarsa ta da, a kuma samar masa abin hawa. A mota ta yi shiru har muka kusa gida, sannan ta ce wa ƙanenta, "Ka san a ajinmu ma za a iya samu, ba mu sani ba." Ya ce, "Yaya, ai shi ya sa aka ce kada mu fara gaisuwa."

Babban abin da har yanzu ban yarda da shi ba shi ne fitar safe. Ƙarfe takwas kowa zai bar ginin, sai biyar na yamma. Idan sanyi ya kai wani mataki suna barin zaure a buɗe, amma a sauran ranaku mutum zai nemi inda zai ɓoye awa tara: babban ɗakin karatu na tsakiyar gari, ko jirgin ƙasa na cikin birni, ko hanyoyin gilashin nan da suka haɗa benayen tsakiyar Minneapolis, inda masu gadi ke iya tashinsa. Na san dalilinsu, ba su da kuɗin biyan ma'aikatan rana, kuma sai an share an wanke zannuwa. Na kuma ga cewa suna da ma'aikaciyar da ke zama da baƙi tana taya su neman katin shaida da takardun gidan haya, wanda shi ne ainihin hanyar fita. Duk da haka, digiri 10 ƙasa da sifili ma sanyi ne ga mai shekara 65 da ciwon ƙirji, ko da bai kai matakin da suka gindaya ba.

Sai daren Janairu. A daren 22 ga Disamba mu 14 ne masu aikin sa-kai, har muna karo da juna, wasu ba su samu abin yi ba sai goge teburin da aka riga aka goge. Akwai kek iri biyar, akwai ƙungiyar mawaƙa, akwai kyauta a naɗe ga kowane baƙo. A daren Talatar nan mu biyar ne da tsohuwar ɗakin safa, shi ke nan. An kwashe bishiyar. Abincin taliya ce da miyar tumatir ta gwangwani da burodin jiya. Wayata ta nuna digiri 21 ƙasa da sifili, layin ya fi na Disamba tsawo, kwalin safa ya kusa kaiwa ƙasa. Maigida ya yi wanke-wanke shi kaɗai na awa biyu, 'yata ta riƙe tire biyu, ni ina zubawa ina kai wa waɗanda ba sa iya tsayuwa. Mun gaji fiye da sauran darare ukun a haɗe, kuma a daren ne kawai na tabbata cewa da ba mu zo ba da an ji rashinmu. Matar da ta hana mu ranar Kirsimeti tana nan, ta naɗe hannun riga tana share ƙasa. Na je na ce mata yanzu na gane. Ta ce Fabrairu ya fi haka.

Idan tauraro biyar ne ma'auni, huɗu zan ba su. Na cire ɗaya saboda rashin bayani tun farko a kan shekarun yara da wurin mota, da sakacin tiren da aka ware, da fitar safe. Huɗun kuwa na mutuncin da suke ba baƙi ne, da tsaftar ɗakin girki, da ƙwarewar ma'aikatan dare, da gaskiyar da suka faɗa mini a waya alhali sun san ba ita nake so in ji ba. Iyalin da ke da yara daga 12 zuwa sama za su samu aikin yi sosai. Mai ƙaramin yaro ya tambaya tun farko ko akwai babban da zai zauna da shi a ɗakin kaya. A sa takalmin da ba ya santsi, a bar jaka da sarƙa a gida, a ci wani abu kafin a zo don sai wajen takwas za a zauna, a kuma duba ko an ayyana dokar ƙanƙara kafin a ajiye mota.

Mun sa sunanmu a Talata ta biyu ta kowane wata har zuwa Afrilu. Autata ta manna takarda a jikin firji ta rubuta da hannunta: safa ta ulu, manya, baƙaƙe, guda 30. Mun samu 18 zuwa yanzu, ɗana kuma yana koyon wani sabon salon fara wasan dara kafin ranar.